Wane yashi za ka zuba a sabon tankin kifinka?

Kafin ka sayi ko buhu ɗaya ka fara sanin irin kifin da za ka saka, don shi ne zai faɗa maka yashin da ya dace. Yawancin mutane kala suke dubawa, wai wannan fari fat ya fi kyau, wancan baƙi wuluk ya fi fito da kifi, alhali akwai abu biyu da suka fi kala muhimmanci nesa ba kusa ba: girman ƙwayar yashin, da kuma ko yana canja ruwan ko ba ruwansa da shi.

Mu fara da na biyun don shi ne mai kashe kifi ba ka sani ba. Akwai yashin silika, wanda ko shekara nawa ya yi cikin ruwa ba ya narkewa, ba ya ƙara komai. Akwai kuma wanda asalinsa murjani ne ko ɓawon halittun teku da aka niƙa, irin su aragonait, shi wannan a hankali yake narkewa yana ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda in ya hau tsami ya ragu, yana sa ruwa ya yi nauyi da ma'adinai. Idan kifayen Tafkin Malawi ko Tanganyika za ka ajiye to abin nema ya samu, don ruwan can dama pH ɗinsa na wajen 8 ne, na Tanganyika ma yana kaiwa 9, haka masu tankin ruwan gishiri ma shi suke so. Amma ka zuba shi wa kifaye irin su tetra ko diskus, masu son ruwa mara nauyi mai ɗan tsami, ka yi ta canja ruwa kana mamakin me ya sa pH ya ƙi sauka. Gwajin ba wuya, ɗebo busasshen yashin kaɗan ka ɗiga masa binega, in ka ga yana kumfa akwai kabonet a ciki, wato sinadarin da ke ɗaga pH, in shiru to mai yiwuwa lafiya lau. Wanda ya fi tabbas shi ne ka jiƙa shi cikin bokiti kamar sati ɗaya, ka auna pH ranar farko da ranar ƙarshe.

To a cikin waɗanda ba sa taɓa ruwa, ni dai a ganina yashin da ake zuba wa filtar wurin ninkaya shi ne sarki. Silika ne, an tace shi ƙwayoyinsa kusan girma ɗaya, wajen rabin milimita, yana da nauyin da in kifi ya tona ko ka zuba ruwa nan da nan ya koma ƙasa, ba ya danƙarewa, kuma wankinsa ba ya cin rai. Buhunsa babba ne ga araha idan ka kwatanta da na kamfanonin kayan kifi. Aibinsa ɗaya, ba ka da zaɓin kala sosai, daga fari-fari sai ruwan ƙasa mai haske. Sai dai ka karanta jikin buhun da kyau, don akwai kayan filta da ake yi da niƙaƙƙen gilas ko ziyolait, ba su ake nufi ba.

Yashin wasan yara kuma ya fi laushi, kalarsa ta fi kama da gindin rafi, kifaye masu tono suna jin daɗinsa, amma kai, ƙura! za ka wanke ka wanke ka ga kamar ruwan ba zai taɓa washewa ba, sannan saboda ƙwayoyinsa ƙanana ne kuma ba girma ɗaya ba yana danƙarewa ya hana ruwa ratsawa, kuma shi ne ya fi saurin tashi ya shige cikin filta. In za ka yi amfani da shi kar ya yi kauri, kuma ka guji wanda aka rina ko aka sa wa wani magani.

Mai son baƙi zai ji ana ta zancen yashin da ake kankare tsatsar ƙarfe da shi, irin Black Diamond, wanda ragowar ƙonannen kwal ne. Masu kiwo da yawa suna amfani da shi ba matsala, yana da nauyi, kifi ma kalarsa ta fi fitowa a kan baƙi. Amma an yi shi ne don ya kankare abu, gefensa na da kaifi, shi ya sa ni ba zan ba wa mai koridoras, wato wani ɗan kifi mai kiwo a ƙasan tanki, shawararsa ba, duk da akwai masu rantsuwa nasu lafiya ƙalau suke. Koridoras da kuli loc da jiyofagus wuni suke suna cusa baki cikin yashi, wasu har su ɗebo su fitar ta kunnuwansu, wato inda suke numfashi, gashin bakinsu kuma abu ne mai saurin lalacewa, to me ya sa za ka gwada sa'a da su. Murza yashin tsakanin yatsu da ɗan ruwa, in ya karce ka su ma zai karce su.

Na kamfanoni irin su CaribSea da JBL da ADA, tsada kawai ce matsalarsu. Abin da kake biya shi ne zaɓin kala da girman ƙwaya da kuma rubutun da ke jiki mai gaya maka ko zai taɓa pH. Ga ƙaramin tanki mai lita 20 ko 30 ba laifi, ga babba kuwa aljihu zai ji a jikinsa.

Yashin gini da na bakin teku, ka bar su kawai. Na gini ba ka san me ya haɗu da shi ba, siminti ko mai ko laka, na teku kuma gishiri ne da ɓawo.

Zancen yawa kuma lissafi ne mai sauƙi. Tsawon tanki sau faɗinsa sau kaurin da kake so, duk a santimita, ka raba da 1000 ka samu lita, kowace litar busasshen yashi kuma wajen kilo ɗaya da rabi ce. Tanki mai 60 da 30 in kana son kaurin santimita 3, lita 5.4 ke nan, wato kilo 8 da ɗoriya. In ba shuka za ka yi ba santimita 2 zuwa 3 ya isa, in akwai tsirrai masu saiwa ka kai kamar 5. Fiye da haka musamman da yashi mai laushi, iska ba ta kaiwa can ƙasa, datti ya ruɓe a ciki ya yi baƙi, ranar da ka tona ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Kuma ka sani yashi ba shi da abincin shuka ko kaɗan, irin su kriptokorin da balisneriya sai ka riƙa cusa musu ƙwayar taki a gindi. In kuma filtarka irin ta ƙarƙashin tsakuwa ce, ita da yashi ba sa shiri sam, toshewa za ta yi.

Wanki shi ne inda ake kasala kuma shi ne inda ake da-na-sani. Kar ka juye buhun gaba ɗaya, zuba kashi ɗaya cikin uku na bokiti, sa tiyo har ƙasa, ka riƙa juyawa da hannu ruwan dattin na malala, ka tsiyaye ka sake, har sai in ka motsa yashin ya kwanta cikin 'yan daƙiƙu ruwan sama ya zama garau. Ban da sabulu, ban da bokitin da aka taɓa jiƙa omo a ciki. Ka yi a waje don yashi na toshe magudanar ruwa, kuma lokacin juye busasshe ka kau da fuska ko ka rufe hanci, ƙurar silika ba ta yi wa huhu kyau.

Wajen shimfiɗawa, manyan duwatsu su fara zama a kan gilas tukuna sannan yashi ya zagaye su, don in a kan yashi ka ɗora, kifi mai tono zai ƙwaƙule ƙarƙashi dutse ya gangaro. Sai ka ɗora faranti ko leda a kan yashin ka zuba ruwa a kai a hankali. Kar ka kunna filta sai ruwan ya ɗan lafa, bakin da ke zuƙo ruwa kuma ka ɗaga shi nesa da yashi ka sa masa soso, in ba haka ba ƙwayoyin za su cinye farfelar famfon ka fara jin ƙara. Haka maganadisun goge gilas, in ƙwayar yashi ta maƙale a ciki ka ja, ka karce gilas ke nan har abada.

Ruwa ya washe ba wai tanki ya shirya ba fa. Sai ka sa maganin kashe kulorin, ka bar ƙwayoyin bakteriya masu cin amoniya, gubar da dattin kifi ke fitarwa, su kafu, abin da kan ɗauki sati 4 zuwa 6, kana aunawa har amoniya da naitirait, gubar da amoniya ke rikiɗa ta zama, su koma sifili kafin kifi ya shiga. A makonnin nan za ka ga wata gansakuka ruwan ƙasa ta shafe saman yashin, musamman fari, kar hankalinka ya tashi, yawanci da kanta take raguwa. Ranar shara kuma kar ka soka tiyon zuƙa cikin yashi kamar yadda ake yi wa tsakuwa, ka riƙe shi sama kaɗan kana ɗan juya shi, kashin kifin zai taso ya bi ruwa yashin ya zauna, sannan ka bi da yatsa ka ɗan motsa wuraren da kifi ba ya tonawa, gefen duwatsu da kusurwoyin baya.