Kafin ka sayar da gonar fadama ka nemi biza

Wata rana bayan la'asar, a wani majalisi kusa da tashar mota a Kamba, na zauna ina sauraron musu tsakanin mutum uku da duk sun taɓa zama a ƙasar waje. Ɗaya ya yi shekara shida yana tuƙi a Jidda, yana cewa babu kamar Saudiyya. Na biyu yana kai albasa Kumasi har ya kama ɗaki a can, ya ce wanda bai zauna Ghana ba bai san kwanciyar hankali ba. Na ukun ya dawo daga Libiya da ɗingishin da bai tafi da shi ba. Bai ce uffan ba sai da aka matsa masa, sannan ya ce, "Ku da kuka shiga ta ƙofa ai kuna da bakin musu."

Abin da ya sa na kasa kunne shi ne, a makon ne ɗan ƙanena ya zo mini da maganar zai sayar da gonarsa ta fadama, wadda yake noman shinkafar rani a ciki, ya ba wani ejan kuɗin biza. Ya ce, "Baba, kai da ka zagaya, wace ƙasa ce ta fi?" Amsar da na ba shi ita zan shimfiɗa a nan, domin na san irinsa suna da yawa daga Argungu har Yawuri.

A ganina tambayar tasa ba a nan ta fara ba. Ƙasa ɗaya ce takan zama wa wani inuwa, ta zama wa wani kurkuku, kuma abin da ya raba su shi ne irin takardar da kowa ya shiga da ita. Bayan takarda sai abin da ke saura a hannunka ƙarshen wata idan ka biya haya da abinci, ba adadin da ejan ya faɗa maka ba. Sai kuma ko za ka iya tattara kayanka ka dawo gida ranar da ka ga dama.

Saudiyya ce zuciyar mutanenmu ta fi karkata gare ta, kuma ban ga laifinsu ba. Za ka ji kiran salla sau biyar, ba ka tambayar mahauci yadda aka yanka nama, kana iya yin umara a ranar hutunka. A Makka da Jidda akwai unguwannin da Hausa za ka yi ta ji, domin kakanninmu sun daɗe suna zuwa can tun ana tafiya a ƙasa ta Sudan. Ta fuskar kuɗi ma akwai abin faɗa: ba a cire haraji daga albashi, kuma riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya tun 1986. Wato idan aka rubuta maka riyal 1,500 a wata, dala 400 ke nan, yau da gobe. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a kan dala tsakanin Yunin 2023 da 2024 ya san darajar wannan.

Amma Saudiyya biyu ce. Akwai ta mai iƙama, wato takardar izinin zama, akwai ta wanda ya shiga da bizar umara ya maƙale. Bizar umara ba ta ba ka izinin aiki. Ranar da wa'adinta ya cika ka zama mai ɓuya: ba ka iya buɗe asusun banki, asibiti ma da fargaba za ka je, wanda ya sa ka aiki in ya hana ka haƙƙinka ba ka da wurin kai ƙara. Ƙarshenta a kama ka a kai ka tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, a ɗauki hoton yatsunka, a hana ka sake shigowa na shekaru. Na ga dattijon da ya tara kuɗin hajji ya kasa tafiya saboda zaman da ya yi can yana saurayi. Wannan abin yana yi mini ciwo har yanzu.

Shi ma mai iƙama yana ƙarƙashin kafili, wato wanda ya ɗauko shi aiki ya tsaya masa. A watan Maris na 2021 gwamnatinsu ta sassauta dokar, ma'aikacin kamfani yana iya sauya wurin aiki bisa wasu sharuɗɗa, kuma yana iya neman bizar fita da kansa. Sai dai sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba: direban gida, mai gadi, mai ban ruwa a gona, makiyayi, da mata masu aikatau. Su ne kuma ayyukan da aka fi kawo wa mutanenmu. A nan ne ake karɓe fasfo, a nan ne kafili ke rubuta cewa ka gudu alhali shi ya kore ka. Don haka kafin ka biya ko kwabo, ka ga sana'ar da aka rubuta a bizar da idonka, ka ga sunan kamfanin, ka nemi a nuna maka kwantiragin. Kwantiragin kamfani ana shigar da shi a manhajar gwamnati mai suna Qiwa, na aikin gida kuma a Musaned. Ejan da ya ce "idan ka isa za a gyara" ka bar masa bizarsa. Game da 'ya'yanmu mata da ake kaiwa aikatau, ni dai ba zan sa hannu a tura 'yata gidan da ban san mai shi ba, a ƙasar da ba ta jin harshenta, komai yawan riyal ɗin.

Mai tunanin kai iyali ya yi lissafi: akwai kuɗin da ake biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashinka, riyal 400 a wata tun 2020. Mata da 'ya'ya biyu riyal 1,200 ke nan, kafin haya da makaranta. Ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ba. Zaman gwauro za ka yi, ka sani tun daga gida, matarka ma ta sani.

Qatar ta fi fito da abu fili. Tun Maris na 2021 mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 ne na Qatar a wata, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai ba ka su ba, kuma dokar ta shafi kowa har masu aikin gida. Ƙasar ƙarama ce, aikin gini ya ragu bayan gasar ƙwallon duniya ta 2022, saboda haka guraben ba kamar da ba. Dubai kuwa gari ne na mai jari da mai takardar sana'a. Sun rufe wa 'yan Najeriya biza a 2022, ba su buɗe ba sai Yulin 2024. Wanda ya je da bizar yawon buɗe ido da niyyar neman aiki yakan ƙare a ɗaki ɗaya da mutum takwas, kowa da gadonsa na haya, kwanaki suna ƙarewa tara tana hawa. Zafin ƙasashen nan kada ɗan Kebbi ya ce ya saba. Namu busasshe ne, nasu na bakin teku da gumi yake zuwa, har doka ta hana aiki a fili da tsakar rana a watannin bazara.

Yanzu bari in zo kan waɗanda ake rainawa, alhali su suka fi rufa wa mutanenmu asiri. Daga Kamba zuwa Gaya tafiyar ɗan lokaci ce, daga Tsamiya ko Lolo kana leƙa Benin. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, surukai a kowane ɓangare. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, shi ya sa jakar sefar da ba a kula ta da can yanzu ta zama abin nema. Ɗan ƙasar ECOWAS yana shiga Benin ko Togo ko Ghana ya yi kwana 90 ba biza. Kuma in mahaifiyarka ta kwanta ciwo kana Gaya ko Benin, da safe ka hau mota, da dare kana gefenta. Wanda yake Jidda ba shi da wannan.

Matsalar maƙwabta ita ce siyasa tana iya rufe maka hanya dare ɗaya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka har Maris na 2024, 'yan kasuwar Kamba sun san abin da suka yi asara. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka wanda zai zauna can ya riƙe cikakkun takardu, ya daina dogaro da cewa jandarma ya san fuskarsa. Kuma waɗannan ƙasashe ba na neman albashi ba ne. Da jarinka ko sana'arka za ka je.

Ghana tana da zaman lafiya, da zango a kusan kowane gari, daga Nima a Accra zuwa Kumasi inda fataken goro suka kafa mana gida tun zamanin da. Amma dokarsu ta zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, ta ce baƙon da zai buɗe harkar ciniki ya zo da jarin dala miliyan ɗaya. Da ita aka rufe shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020. Mai kai kaya ya sauke wa dillali ya juyo ba shi da wannan damuwa, mai son kafa shago shi ne abin ya shafa. Tsofaffi kuma ba su manta da korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia ba, kamar yadda 'yan Ghana ma ba su manta da tamu ta 1983 ba.

Turai da Kanada na mai takardar makaranta ne, kuma ƙofar tana ƙara tsukewa. Ingila ta hana yawancin ɗalibai kai iyali daga Janairun 2024, ta hana masu aikin kula da tsofaffi kai nasu daga Maris na shekarar, sannan a Yulin 2025 ta daina ɗauko sababbin masu wannan aiki daga waje. Duk wanda ya ce zai sayar maka da irin wannan gurbi yau, kuɗinka yake so. Likita da ma'aikaciyar jinya da injiniya har yanzu suna da hanya, kuma can doka tana kare ma'aikaci fiye da ƙasashen Larabawa: fasfonka yana aljihunka, kana iya kai mai gidanka kotu, bayan shekaru kana iya samun zama na dindindin, abin da Saudiyya ba ta ba ƙaramin ma'aikaci ko ya tsufa a can. Sai dai haraji da haya suna cinye kaso mai tsoka, a Ingila ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Kaɗaici a can ciwo ne na gaske, ga tarbiyyar yara da ba kai kaɗai ke da ta cewa a kai ba. Kanada ta ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna zuwa dalarsu 20,635 a Janairun 2024, ban da kuɗin makaranta, ta kuma rage yawan ɗaliban da take karɓa. Jamus ta fi mini kyau ga yaro mai ƙwaƙwalwa, domin yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma sai an ajiye yuro 11,904 a asusu na musamman, kuma sai ya dage da koyon Jamusanci. Amurka kuwa, wanda ya ce zai cika maka cacar biza ƙarya yake yi, an cire Najeriya daga cikinta fiye da shekara goma.

Mafi muni ba sai an yi musu ba, Libiya ce. Hanyar Agadas zuwa Dirku zuwa Sabha kwanaki ce a bayan Hilux, kana riƙe da sanda tsakanin ƙafafunka don kada ka faɗo, in ka faɗo kuma direba ba ya tsayawa. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 Libiya ba ta da gwamnati ɗaya mai iko da ko'ina. Wanda aka kai "gidan bashi" ana dukansa ana kiran iyayensa a waya su ji kukansa su aiko da kuɗi. A Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna ana gwanjon baƙaƙen fata a can kan dala 400. Akwai masu samun aikin gini su aiko da kuɗi, ban musa ba, amma kuɗin da ba ka da tabbacin fita da shi, da ran da ba ka da tabbacin dawowa da shi, ba ciniki ba ne. Aljeriya tana kwasar baƙi ta zube su a hamada, su taka kusan kilomita 15 zuwa Assamaka. Sudan da muke da dangi a Mai Wurno da sauran garuruwa tun bayan yaƙin Burmi na 1903, yaƙi ya ɓarke a cikinta ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗalibanmu da ƙyar aka kwaso su ta iyakar Masar.

Ɗan ƙanena ba shi da digiri, amma yana tuƙa babbar mota kuma hannunsa ya faɗa da gyaran injin ban ruwa. Na ce masa Ingila da Kanada ba nasa ba ne, kada ya ɓata kuɗi. In dai fita zai yi, to Saudiyya ko Qatar a kan bizar kamfani mai ɗauke da sana'arsa, ba direban gida ba, na shekara biyu zuwa huɗu, da niyyar tara jari ya dawo. Fasfo ya je ofishin shige da fice da ƙafarsa ya yi. Ejan ya nuna lasisinsa na ma'aikatar ƙwadago, kuma kowane kuɗi a biya ta banki da rasit. In aka fara yi masa kwana-kwana, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane an kafa ta ne tun 2003 don irin wannan.

Gonar kuwa na roƙe shi kada ya sayar. Ya ba da ita jingina ko haya ga ƙaninsa, in kuɗin bai kai ba ya jira girbin rani ɗaya ko biyu. Da muka koma wurin ejan tare, na ce ya nuna mana sunan kamfanin da sana'ar da za a rubuta. Ya ce mu dawo jibi. Wata uku ke nan bai kira ba, yaron kuma yana fadama, shinkafarsa ta fara fitar da kai.