Kafin ka sayi na'urar kiɗan tsofaffin gem: wane sauti kake nema?

Da a ce zan zana na'urar da raina ke so, da akwati ɗaya ne mai ɗauke da IC ɗin sauti (ƙaramin guntun lantarki da ke samar da kiɗan) na Nintendo, da na Sega, da na kwamfutar Commodore 64, da maɓallan fiyano a gaba, yana kuma aiki da batir. Ga wanda ya tashi saye kuwa, kasuwa ta rarraba su, kowane kamfani ya kama ɓangarensa. Don haka sai ka fara tantance gem ɗin da kiɗansa ke maka yawo a kunne, domin kowane injin da muryarsa.

Famicom, injin gem na Nintendo wanda ya fito a Japan a 1983, muryoyi biyar gare shi: biyu masu kaifi, ɗaya mai laushi da ake jan bes da ita, ɗaya ta shuu da ke zama ganga, sai ta biyar mai kunna guntun sautin da aka naɗa. Ƙarancin nan ne ya sa makaɗan lokacin suke jero sautuka uku da gudu har kunne ya ji kamar tare suke fita, wannan karkarwar da kowa ya san gem da ita. Mega Drive na Sega, na 1988, wata duniya ce daban. IC ɗin YM2612 na Yamaha ne a cikinsa, muryoyi shida na salon haɗa sauti da ake kira FM, masu amon ƙarfe da bes mai nauyi, irin wanda makaɗi Yuzo Koshiro ya yi wa gem ɗin Streets of Rage. Commodore 64 kuma IC mai suna SID yake da shi, muryoyi uku kacal, amma da matacin sauti da ke sa su gurnani.

Mai son na'ura mai IC na asali ya dubi kamfanin Twisted Electrons na Faransa. MEGAfm ɗinsu na farko YM2612 guda biyu aka dasa masa, muryoyi 12 ke nan, ga abubuwan ja a jere ta yadda kana kiɗa kana sauya sauti da hannu. TherapSID kuma na masoya SID ne. A nan nake cewa a yi hattara. An daɗe da daina ƙera SID, wanda ke yawo yanzu daga tsofaffin kwamfutoci ake ciro shi, jabu kuma ya yi yawa. Ko SidStation, injin kiɗa mai SID da kamfanin Elektron na Suwidin ya fitar a 1999, ƙarewar IC ɗin ce ta tsayar da shi. Sannan samfurin SID mai lamba 6581 ba a cika samun biyu masu amo iri ɗaya ba, matacin wannan daban, na wancan daban. Wasu wannan ne daɗinsa a wurinsu. Amma ranar da ya ƙone, mai gyaran unguwarku ba shi da na canji a aljihun tebur. Akwai madadi irin su ARMSID, sai dai idan ka saka shi ka koma kwaikwayon da ka biya kuɗi don ka guje masa.

Kwaikwayon ma ba abin rainawa ba ne. Liven Mega Synthesis na Sonicware yana kwaikwayon Mega Drive, da FM ɗinsa da ƙananan muryoyinsa da ganguna, kana iya tsara waƙa gaba ɗaya a kansa ba tare da kwamfuta ba, kuma yana cin batir AA shida. Wanda ya san halin wuta a garinsu ya san darajar wannan. Ƙwararren kunne zai iya jin cewa ɗan dattin sautin YM2612 na gaske bai fito daidai ba, amma da zarar an zuba murya da ganga a kai, masu ganewa kaɗan ne. PO-20 Arcade na Teenage Engineering kuwa bai wuce girman kalkuleta ba, yana da daɗin wasa a mota, amma nan da nan za ka kai ƙarshensa.

Ni dai da za a ce in zaɓa wa mai farawa, tsohon Game Boy na 1989 zan ce ya nema, mai launin toka, ya haɗa da manhajar LSDj da Johan Kotlinski ya rubuta, a kan kaset ɗin da ake iya loda masa. Sautin na asali ne, muryoyi huɗu, batir huɗu. Wahalarsa biyu: allon ba shi da fitila sai an yi masa gyara, kuma ba fiyano za ka danna ba, lambobi da haruffa za ka riƙa jerawa layi-layi. Satin farko sai ka ji kamar ka jefar da shi. Idan salon jera lambobin ya karɓe ka kuma kana son fili, M8 na Dirtywave, injin kiɗa na hannu mai wannan salon, yana da muryoyi takwas, samunsa ne kawai sai an yi jira.

Idan na hannu za ka saya, ka ce mai shi ya turo bidiyo yana kunna kowace murya ita kaɗai ta jakin iyafis, ya kuma buɗe gidan batir ka gani ko ruwan batir ya ci ƙarfen. Ka lissafa kuɗin jirgi da na kwastan tun kafin ka yi ciniki.