Rigar ruwan da ta kunyata ni a dajin Sikotland

Wallahi jama'a tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin kunya irin ta daren nan ba, kuma a gaban wata tsohuwa da ta yi jika da ni.

Abokan aikina ne suka ja ni tattaki a West Highland Way, hanyar ƙafa ce daga Milngavie kusa da Gilasgo har Fort William, kilomita 154, mutane na yin ta cikin mako guda da kayansu a baya. Na ɗaga tanti na ji nauyi na ce a'a, na shiga intanet na ci karo da wata aba wai fonco, kamar ɗan tamfol ne da hula a tsakiya, da rana ka zura ta rufe ka har jakar goyonka, da dare ka kafa ta da sanda da igiya ka kwana a ƙarƙashi. Na danna mafi araha, ko tsawonta ban duba ba, hoto kawai na kalla. Halinmu dai ya biyo ni har nan, in abu ya yi kyau a ido shikenan an gama bincike.

A Rannoch Moor asirina ya tonu, fili ne fetal mai dausayi, ba inda za ka raɓa. Kuma ruwansu ba irin namu ba ne da zai haɗa hadari ya yi maka gargaɗi, ya zuba kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke ƙasa ta tashi da ƙamshi, Allah sarki ƙamshin nan nake kewa. Nasu yayyafi ne marar zuciya, a kwance yake zuwa da iska, ya wuni ya kwana.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba: kafin ka kafa ta sai ka tuɓe ta! Rigar taka ita ce ɗakin naka. Minti goma ina fama da turaku na jiƙe sharkaf. Na kwanta ƙafafuna suka leƙo waje, ramin hular nan kuma daidai saitin cikina yana ɗiga tip tip, can cikin dare yadin ya sha ruwa ya saki ya kwanto min a fuska kamar likkafani. Ina ta tsaki da salati sai ga fitila, tsohuwar nan ce daga tantinta. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi ya fi min sauƙi. Ta murɗe hular ta lanƙwasa ta ɗaure tam da igiya, ta sauke ɓangaren da iska ke bugowa har ƙasa, ta ƙara jan igiyoyin, sannan ta haska ƙafafuna ta ce ɗana wannan ai ba taka ba ce, ta yaro ce. Da asuba kuma ƙananan ƙwarinsu masu cizo, waɗanda ba su kai sauro girma ba amma sun fi shi naci, suka ƙarasa ni, don fonco ba ta da raga.

Da na dawo na je wani shagon kayan tattaki da niyyar in sayi mafi tsada in huta. Saurayin da ke wurin ya tambayi tsawona, ya sa na kwanta a ƙasan shagon mutane na wucewa, ya kafa riga a kaina ya ce in miƙe ƙafa. Ya ce mutum irina kar ya yarda da wadda ba ta kai wajen mita 2.7 ba, faɗi kuma kusan ɗaya da rabi, don in an karkata ta wurin kwanciya raguwa yake. Ya ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, masu kyau tsakanin giram 200 da 350. Ya nuna min cewa nailan mai silikon yana da ƙarfi amma yana saki in ya jiƙe, foliyesta ba ta cika yin haka ba, wani yadi mai suna Dyneema ya fi su rashin nauyi sai dai aljihu zai ji a jikinsa. Ya juya ɗinkin ya ce in ba a liƙe shi ba ta ramin allura ruwa ke bi, kuma in duba lambar jure ruwa kar ta gaza milimita 1,500, in ƙirga madaurai, na kusurwa huɗu kaɗai ba sa isa.

Har labari ya ba ni da ya ɗauko wata mai suna Gatewood Cape, wadda ake kafawa kamar dala da sanda ɗaya ta rufe ko'ina. Sunan Emma Gatewood ta ci, tsohuwar Amurka da ta taka Appalachian Trail, wata doguwar hanyar ƙafa a ƙasarsu, gaba ɗaya a 1955 tana da shekara 67, labulen banɗaki ne abin fakewarta. Na ce a raina tsofaffin matan nan dai sun sa ni a gaba.

Abin da ya kashe min jiki, shi da bakinsa ya ce in saman tsauni mai iska zan je, kar in sayi ko ɗaya, in ɗauki tanti. Mai kaya yana hana ka sayen kayansa! Da a gida ne da tuni an rantse min cewa ko guguwa ba ta ratsa ta, mu masu saye kuma ba mu fi su ba, ba ma tambaya sai mun jiƙe mu dawo muna Allah ya isa.

Na dai sayi doguwar, da 'yar jaket shara-shara ta lokacin kafawa da ragar kai. Yanzu duk Lahadi ina bayan gida a kan ciyawa ina gwajin kafa ta, na sauko daga minti goma zuwa huɗu, maƙwabcina na leƙe ta taga yana zaton matata ce ta kore ni.