Cape Epic: wahala ce zalla amma tsarinsu ya burge ni

Ni da abokaina mun shiga Cape Epic a Afirka ta Kudu, gasar tseren keke a kan duwatsu da aka fara tun 2004 a yankin Western Cape, kwana 8 ana abu ɗaya. Bibbiyu ake shiga, kai da abokin tafiyarka, kuma doka ce kada tazarar da ke tsakaninku ta wuce minti 2, in ya gaji dole ka jira shi ko ranka bai so ba, to nan fa ake gane abokin gaske wallahi.

Tsari kam sun iya. Kana isowa za a karɓi kekenka a wanke, ga tanti an kafa maka, ga wurin wanka, jakarka ma su ke kai ta sansani na gaba. Bakanike kuwa wani kamfani daban muka biya, su ke duba sarƙa da birki da dare kafin safiya keke ya dawo garau, sai dai kuɗin kayan gyaransu ya yi yawa gaskiya, kuma ba sa gaya maka sai sun gama.

Hanyar fa ba wasa, sama da kilomita 600 ga hawa ga ƙura ga rana, ta cikin gonakin inabi. Kuɗin shiga akwai tsada sosai. A watan Maris ake yi, a 2024 da 2025 cikin azumi ta faɗo, don haka ku duba kalanda kafin ku biya.