Maganar Plaquenil ɗin da Goggo tace in aiko mata

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya zafin Garwa? Naji saƙon Goggo, wai in sa mata kwali biyu na maganin da nake sha a kayan wanda zai zo hutu tunda naji sauƙin gaɓoɓina. Dan Allah ki karanta mata wannan a nutse kar tace rowa nake, wlh ba kuɗin bane, maganin ma baya da tsada a nan Faransa.

Sunansa Plaquenil, ainihin sinadarin hydroxychloroquine, ƙwaya ɗaya miligiram 200, talatin a kwali. Ɗan'uwan Nivaquine ne, wanda Dada take danna mana da ruwan koko muna kuka saboda ɗaci, in kin tuna yadda yake saki ƙaiƙayi kwana biyu kina sosa har da matsefi. Asali na zazzaɓin cizon sauro ne, daga baya likitoci suka gane yana kwantar da garkuwar jiki idan ta juya tana yaƙar mai ita, shine ake bawa masu lupus irina da masu ciwon gaɓoɓi mai kumburi. Toh ciwon gwiwar Goggo wa ya tabbatar irin wannan ne? Zai iya zama na shekaru ne da nauyin jiki, gurunguntsi ya cinye, wannan ko buhu ta sha ba abinda zai mata. Kuma ba irin parasetamol bane da zaki sha yanzu anjima kiji dama, sai ayi wata biyu uku wani lokacin har shida kafin a ga aikinsa, na san halinta sati ɗaya taga shiru zata ninka.

A nan Faransa ko kuka kike da hawaye farmasi bazasu baki ba sai da ordonas, wato takardar likita, tun Janairun 2020 aka maida shi haka. Kafin likitar ta rubuta min sai da ta ɗora ni a sikeli, don da nauyi ake lissafi, kar ya wuce kamar miligiram 5 a kowane kilo a rana, kinga mai kilo 60 kenan 300 ne iyakarta. Aka ɗebi jini aka duba ƙoda, aka manna min wayoyi a ƙirji aka duba bugun zuciya, sannan ta tambayi duk wani abu da nake sha har da na gargajiya, na faɗa mata ba ɓoyo. Dalili shine yana iya rikita bugun zuciya idan ya haɗu da wasu magunguna kamar azithromycine, kuma yana saukar da sukari, ita kuwa Goggo kinsan tana kan maganin sukari.

Babban abin dai ido ne. Maganin yana taruwa a bayan ido a hankali, ba zafi ba ja ba komai, mutum bazai sani ba sai ɓarnar tayi nisa kuma in ta faru bata gyaruwa, har bayan an daina sha tana iya cigaba. Shekaru biyar na farko haɗarin kaɗan ne sosai in an bi ƙa'ida, daga nan yake hawa, shiyasa ake duba ido tun a shekarar farko, bayan shekara biyar kuma duk shekara, mai ciwon ƙoda ma ba'a jira haka. Gwajin kansa abin dariya, ki ɗora haɓa a wani ƙarfe a ɗaki mai duhu, ido ɗaya a rufe, a baki ɗan maɓalli a hannu duk sanda ɗigon haske ya ƙyafta ki danna, ni har gumi nake don gani nake kamar jarabawa ce zan faɗi. Sai wata na'urar kuma OCT da take ɗaukar hoton bayan idon falle falle. Wannan ne bazan iya sawa a akwati in aiko ba Yaya.

Kar kuce komai na nan aljanna ne fa. Randebu da likitan ido sai kiyi watanni kina leƙa Doctolib, manhajar neman ranar ganin likita, a waya kafin ki samu gurbi, likitan gaɓoɓi ma haka, alhali a gida yau kika tashi da ciwo yau zaki hau mashin kije a ganki in dai da sefa a jakarki, kuma nas ɗin ya san gidanku ya tambayi tsohuwa. Nan ba mai tambayar kowa. Amma wajen kuɗi sun fi mu nesa ba kusa ba, lupus yana cikin cututtuka masu daɗewa da suke kira ALD, inshorar gwamnati ce ke ɗaukar nauyi, katin inshorar, kat vital, kawai nake miƙawa, sai ɗan yuro ɗaya da suke yankewa a kowane kwali, sefa 656 kenan. Kuma na tabbata abinda aka rubuta a kwalin shine a ciki. Namu na faranti da ake yawo dashi a kasuwa cikin ranar Afrilu, ko na gaske ne zafin zai iya lalata shi. Lokacin korona da likitan nan na Marsey Didier Raoult yace ƙwayar nan tana maganinta kowa ya ruɗe, masu lupus na nan suka dinga zagaye farmasi suna nema, WHO kuma ta fitar da gargaɗi a 2020 kan jabun chloroquine da aka gano har da Kamaru. Daga baya manyan gwaje gwaje suka nuna baya yiwa korona komai.

Wani abu kuma, kar wani yace tunda na zazzaɓi ne bari a ajiye saboda damina. Ƙwayar zazzaɓinmu ta daɗe da gagarar chloroquine, shiyasa aka koma su Coartem, ni kaina in zan zo gida sai an rubuta min rigakafi daban duk da ina shansa kullum. Ga gidan Goggo cike da jikoki, ita kuma magani a ƙarƙashin filo ko cikin kwanon goro take ajewa, wannan ƙwaya ɗaya biyu tana iya kashe ƙaramin yaro, nawa a saman kabad yake a kulle.

Abinda nake so kiyi, ki kaita lopital likita ya duba gwiwar da yatsun, a ɗau hoto ayi gwajin jini, ki faɗa masa ko da safe yatsun na sandarewa da kumbura da kuma tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su saki. In shi ya rubuta mata toh a siya a farmasi na gaske, a duba mata ido tukun, ta sha bayan abinci, in tana shan na gyambon ciki irin mai kaurin nan a bar awa huɗu tsakani. Kuɗin gwajin zan turo miki ta Orange Money ƙarshen wata in Allah ya kaimu, ki ɗauko hoton takardun sakamakon ki turo min a WhatsApp. Man shafawa da abin ɗaure gwiwa kam zan sa mata a kayan, ki tambayar min ita ko babba ko matsakaici. A gaida Baffa da su Inna.