Jarkar bammi ko giyar gwangwani don Tarkwa Bay?

Ƙanena, tsakanin jarkar bammi da kwalin giyar gwangwani da ka rasa wanda za ka ɗauka don kwana biyunku a Tarkwa Bay, bakin tekun nan na Legas, ɗauki gwangwani, kuma mara nauyi. Ina nufin irin su Star Radler, giyar da aka gauraya da ruwan lemo, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 kacal. In akwai waɗanda za su ce zaƙi ya yi musu yawa, ƙara musu Star ko Heineken na gwangwani, masu wajen kashi 5. Sayayyarka ta ƙare ke nan. Sauran bayanin don kada abokan tafiyarka su kayar da kai a gardama ne, don na san 'yan gidanmu, kowa gwani ne in ana maganar abin sha.

Ka yi musu lissafi. Gwangwani ɗaya 33cl ne, a kashi 2 kuwa barasar da ke cikinsa ba ta kai 7ml ba. Babbar kwalbar Guinness ta nan gida 60cl ce mai kashi 7.5, wato 45ml. Wanda ya gama kwalba ɗaya ya yi daidai da wanda ya shanye gwangwani kusan bakwai. In da daddare ne a cikin gari, ana zaune ƙarƙashin fanka da farfesu a gaba, wannan ruwan mai shi ne. Bakin teku daban. Rana na dukanka daga sama, yashi na mayar da zafin daga ƙasa, ga yajin tsire a baki, don haka ƙishirwa ce take ta mayar da hannunka cikin kula, ba neman maye ba. Ita kuma barasa tana rage sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa fitsari ke yawaita. Haɗa da gumi, sai ya zama kana sha kana bushewa, iskar teku tana kaɗa ka ba ka ma sani ba. Tunda dai dole hannu zai yi ta komawa, gara abin da yake ɗaukowa ya zama mai sauƙi.

Ina da wata shuɗiyar kula da na saya a Idumota, murfinta har ya fara tsagewa amma ban yarda na rabu da ita ba. Wata Litinin ɗin Ista muka cika ta da Radler da ƙanƙara muka tsallaka, tare da wani kawuna da ya zo daga Pankshin, mutumin da in ba baƙar kwalba ba ce bai ɗauka an ba shi komai ba. Da ya leƙa ya ga abin da ke ciki sai ya kwashe da dariya, wai mun kawo shi teku mu shayar da shi lemon yara. Ba wanda ya tanka masa. Rana ta take, aka kawo gasasshen kifi da yaji, sai ga kawu ya jawo kujerarsa kusa da kula, yana buɗe murfin a hankali don kada a ji. Matata ce ta kama shi, ya ce ai yana duba ko ƙanƙarar ta narke ne. Ranar har ƙwallo ya buga da yara a cikin yashi, da yamma kuma kowa ya taka da ƙafarsa ya shiga jirgi, ba wanda aka riƙe. Har yau in ya kira waya sai ya tambayi lafiyar lemon yara.

Aibin Radler ɗaya: sukari. In ya huce ba ya shawuwa, zaƙin ya fito ya naɗe harshe. Don haka rabin dabarar a ƙanƙara take. Nemi ta dunƙule babba wadda masu sayar da ruwa ke daskarewa a leda, ta fi 'yan gutsattsarin nan jimawa nesa ba kusa ba, kuma ka sa gwangwanayen a firji tun daren Juma'a. Kula riƙe sanyi take yi, ba ta ƙirƙiro shi. Kada ka dogara da wutar can.

Gwangwani ya fi kwalba a irin wannan tafiya ta kowace fuska. Tarkwa Bay ba a zuwa da mota, sai jirgin ruwa daga CMS ko Falomo, kuma duk abin da ka ɗauko a kanka zai sauka daga bakin jirgi zuwa rumfa. Gwangwani bai da nauyi, yana saurin yin sanyi, ba ruwanka da neman mabuɗi ko mayar wa mai shago kwalabensa, kuma ba ya fashewa ya bar tartsatsi a yashin da yara ke gudu ba takalmi.

Bammi kuwa, in a gindin bishiya ne da sassafe, ba na musu, yana da daɗi. Amma ba abin tafiya ba ne. Tun daga lokacin da ruwan ya ɗigo daga kwakwa ko tukurwa yake fara tsumuwa da kansa, cikin 'yan awoyi ya kai wajen kashi 4, washegari ya koma tsami zalla. In ka toshe jarkar iska ta kumbura ta, in ka sassauta murfin ta yi ta tsiyaya a jirgi ƙudaje na biye. Wadda na taɓa saya a hanyar Epe, rabinta yashi ne ya sha. In lallai sai an ɗanɗana, akwai na kwalba da aka dafa don ya daina tsumuwa, fasahar da cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi ta daɗe da fitarwa. Ya dai fi babu.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja kunnenka kan masu sayarwa, don nan ne ake cutar baƙi. Wasu masu bammin gefen hanya sukan ninka shi da ruwa, su zuba sakarin, sinadarin zaƙi, ya dawo da zaƙin, kuma ba za ka san daga wace rijiya ko kwata aka ɗebo ruwan ba. Alamarsa ita ce zaƙi mai kaifi da ke barin ɗaci-ɗaci a maƙogwaro bayan ka haɗiye. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai yawo da kwalabe a rairayi yana haɗa wa mutane giyar jin ko wuski a kofin roba, da araha. Kwalbar ta gaske ce, abin da ke ciki ne Allah kaɗai Ya sani. A watan Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta rufe shaguna masu yawa a kasuwar Cemetery ta Aba, inda aka tarar ana ɗura jabun giya da lemo cikin tsofaffin kwalabe. A 2015 kuma ogogoro, wato barasar gargajiya mai ƙarfi, mai gubar metanol ya kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo, bayan 'yan watanni ya kashe gommai a jihar Ribas. Metanol ba a gane shi da ido ko da hanci, kuma wanda bai mutu ba yana iya rasa ganinsa. Araha ba ta ado. Gwangwani yana da wahalar buɗewa a sake rufewa, wannan ma wani dalilin ne na zaɓensa. Duk da haka saya a babban shago ko wurin dila tun a cikin gari, ka juya gindin ka duba ranar lalacewa. In ka ga an kankare ta ko gwangwanin ya kumbura, ajiye musu kayansu. A bakin ruwan kuma ka tambayi farashin komai, har kujera da rumfa, kafin ka zauna.

In akwai Musulmi ko waɗanda ba sa sha a ayarinku, yi musu kularsu daban da zoɓo da Maltina da ruwa. Kada ka cusa komai wuri guda, musamman tunda gwangwanin Radler da zanen lemo a jikinsa yana iya ruɗar yaro ko baƙo, alhali giya ce. Ku ma masu shan, ruwan gora ya fi giyar yawa a kayanku, ana gwangwani ɗaya ana bin sa da ruwa.

Ruwan Tarkwa Bay ya fi na gefen Lekki kwanciya saboda katangar duwatsun da ta kare mashigar tashar jiragen ruwa, amma teku ne dai. Mai son iyo ya yi abinsa da safe kafin a buɗe kula, wanda ya fara sha ya tsaya iya idon sawu. Ranar Lahadi ku kama jirgin dawowa da sauran rana, kowa ya ɗaura rigar kariya ko da direban jirgin ya ce ba komai, wanda zai tuƙa mota daga CMS kuma tun daga rana ya koma kular zoɓo.