Gashin leza a wajen fisiyo, abin da na gani

Masu tambayata a kan gashin leza, wato gashi da na'urar haske, da nake zuwa a wani wajen fisiyo (masu gashin ƙashi da tsoka) nan Kano, to ga bayani. Ni sharaɓata ce take ɗaurewa bayan ƙwallo, wani lokacin har cikin dare ta tashe ni.

Kar ka je da tunanin tsokarka za ta dinga tsalle irin na injin lantarkin nan da ake manna wa mutum a jiki, ita leza ba ta sa tsoka ta tsuke ko kaɗan, ɗan ɗumi kawai za ka ji, wani sa'in ma ko shi babu. Malamin da yake yi min gashin yana ɗora kan na'urar, kamar tocila take, a kan wajen ciwon ya riƙe na ɗan lokaci sannan ya matsa gaba, ni da shi duk da baƙin tabarau, don hasken yana lalata ido, wannan ba wasa ba ne.

Abin da ya burge ni shi ne bayaninsa. Ya ce tsoka ba wajen tsukewa kaɗai take cin sinadarin ATP, mai ba ta ƙarfin aiki, ba, har sakin ma sai da shi, shi ya sa gawa take sandarewa idan ya ƙare. To hasken, nasu mai nanomita 808 ne (ma'aunin irin hasken ke nan, wannan ba jan haske ba ne), ya ce yana ratsa fata ya isa mitokondiriya, ƙananan sassan cikin ƙwayoyin jiki masu samar da ATP ɗin, ya sa su ƙara himma, jini ma ya ƙara gudana a wajen. Wani likita ɗan Hangari, Endre Mester, shi ya fara lura da abin a 1967, da ya ga gashin ɓerayen da ya haska ya fi saurin tsirowa. Kuma mu masu baƙar fata, fatarmu tana shanye jan haske tun daga sama, don haka dan Allah ka tambayi irin hasken da suke amfani da shi kafin ka biya.

Gaskiya ɗaurewar ta ragu sosai, amma fa tare da miƙe ƙafa da atisayen da ya ba ni nake yi, kuma shi da kansa ya ce min binciken masana bai gama haɗuwa a kai ba, wasu sun ga lezar tana jinkirta gajiyar tsoka wasu ba su gani ba. Wannan gaskiyar tasa ce ta sa na yarda da wajen.

Matsalarsu layi, ga kuɗin da ɗan nauyi, kuma in an ɗauke wuta sai ka zauna jiran janareto. Mai ciki ko mai ƙari a jiki ya faɗa musu tun kafin a kunna.